Ranar da Caca Ta Sami Inuwa a Zarandumi

Da sunan Allah da ya shimfiɗa ƙasa bai naɗe ta ba, ya ba mai ƙafa yawo, ya ba mai baki labari, ya ba mai kunne haƙuri. Ni ne Jatau, wanda 'yan unguwarmu ke cewa ya ci ƙafar kare tun yana goye. Ban musa ba, don ba a yi shawara da ni ba lokacin da ake dafa ta.

Abin da ya fitar da ni daga gida a wannan karon shi ne neman inda Sa'a take kwana. Na ga maƙwabcina, wanda ko kaza bai iya kiwo ba, ya wayi gari da garke, ni kuwa da na iya komai jakina ɗaya tak ya zaɓi ranar kasuwa ya mutu. Na ce lalle wannan baiwar Allah tana da gida, kuma wanda ya san gidan mutum ya san lokacin da ake samunsa. Na ɗauki gora da sanda na yi gabas, na yi ta yin gabas har gabas ta gaji da ni.

Na ƙetare Kogin Rairayi, wanda ke gudu ba ruwa ko ɗigo, a bayan wani kunkuru mai girman rumbu. Kunkurun nan ba ya karɓar ladan fito sai labari, in kuwa labarin ya ƙare kafin a kai gaɓa, sai ya nutse da mutum. Fatake da yawa sun halaka a wurin saboda ba su iya faɗin komai ba sai abin da ya faru. Ni da muka isa, sai da ya roƙe ni in sauka.

Daga nan na faɗa hannun mutanen Shafau, waɗanda suka yi imani cewa a kan baƙo Sa'a take zama. Suka ɗaure ni a tsakiyar kasuwa. Mai zuwa neman aure ya shafa kaina, mai zuwa shari'a ya shafa, har gashin da ba ku gani yau ya tafi. Da na ga saura fata, sai na kira babbansu na raɗa masa cewa a ƙasarmu sa'ar baƙo ba ta zuba sai a bayansa, a kan wanda ya fi kowa korarsa. Kafin rana ta karkata gari duka ya biyo ni da duwatsu, kowa na son ya fi ɗan'uwansa. Ban taɓa samun rakiya irin wannan ba.

Gudun nan ne ya kai ni Zarandumi. Daga nan dariya za ta yi ƙaranci, wanda ya zo dominta ya yi haƙuri.

Zarandumi birni ne a cikin wani kwari mai jajayen duwatsu, dabino ya lulluɓe shi har rana sai ta nemi izini kafin ta taɓa ƙasa. A can in aka haifi jariri, sai a binne cibiyarsa a dasa dabino a kai. Itacen nan shi ne mutum. Da shi ake ba ka rabon ruwa, da ganyensa a hannu kake magana a taron gari, a gindinsa ake binne ka. Kakanninsu sun hana abu uku a kansa: ba a sayarwa, ba a kyauta, ba a gado. Wanda ba shi da itace ba ya zama a birnin, in ba baƙo ba, shi ma sai wani ya ajiye shi a inuwarsa.

Suna da wata al'ada kuma. Duk maganar da aka ƙulla a inuwar dabino, gaban shaidu, ta ƙullu har abada, ko Uban Rijiya, wato mai mulkin birnin, bai isa ya kwance ta ba. Wadda aka yi inda ba inuwar itace kuwa iska ce, ba alƙalin da zai saurare ta.

Wadda ta ajiye ni sunanta Tabawa, mai tuƙa igiya. Na same ta a bakin ƙofar birni da zaren dabino a cinya, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Baƙo, wane wanzami ne ya yi maka aski da dutse?"

Na ce, "Baiwar Allah, wanzaman suna da yawa."

Ta ce, "To zo ka zauna kafin su zo karɓar lada."

Tabawa ba ta da miji a lokacin, ba ta da ɗa. Abin da take da shi a duniya ƙanenta ne, Anaruwa, wanda ta goya tun uwarsu ta rasu, har ya yi gemu tana kiransa Auta. Ba wanda ya kai shi hawan dabino a Zarandumi. In ya ɗaura igiyar yayarsa a ƙugu ya kama itace, sai ka ce ƙasa ce ta tura shi. Mutum ne mai fara'a, mai kyauta, irin wanda in ya ci goro sai ya ba ka babban ɓarin. Aibinsa ɗaya ne, amma ɗayan nan ya isa gida.

Caca haramtacciya ce a birnin tun kaka da kakanni, saboda haka ake yin ta kullum. A bayan ganuwa akwai matattun rijiyoyi, waɗanda ruwansu ya ƙafe tun da daɗewa. Cikinsu ake sauka da tsani, a zauna a ƙasa, a watsa ƙwallayen dabino. In mutum ya rasa rigarsa da akuyarsa, sai ya sa itacensa. Anaruwa ya sa nasa ya fi a ƙirga. Amma da yake a ƙasan rijiya ba inuwar itace, wanda ya ci ba shi da inda zai kai ƙara. Sai ya huce a jikin wanda ya faɗi.

Ban daɗe a gidan ba, wata safiya aka kawo Anaruwa a kan ƙyaure, hannunsa na dama ya kumbura kamar tulu. Tabawa ta ɗora masa karan ɗori tana yi tana faɗa.

"Da wannan hannun za ka hau itace? Ko da haƙori za ka hau?"

"Yaya, saura kaɗan fa in ci. Ƙwallo ɗaya ne ya kife."

"Kullum ɗaya ne ke kifewa. Wannan ɗayan ya kamata a aura maka."

Ya yi dariya, ciwo ya katse masa ita. Ya juyo gare ni ya ce, "Malam Jatau, kai da ka zaga duniya, gaya mata. Wanda bai sa ba ai ba ya ɗauka."

Na ce, "Haka ne. Na kuma lura wanda ya sa, shi ake ɗaukowa."

Da ya yi barci, Tabawa ta fito ta zauna kusa da ni, ba ta taɓa igiyarta ba. Ta ce, "Bara haƙarƙari ne. Bana hannu. Wata rana ba za su wahalar da kansu su fito da shi ba, rijiya ai kabari ce da aka riga aka haƙa."

A wannan shekarar ruwan birnin yana ja da baya. Guga na tafiya da nisa ya dawo da laka, ganyen dabino ya fara yin ja daga baki. Sai ga wani attajiri ya sauka da raƙuma, Madugu Tunau, mutum mai sanyin murya wanda bai taɓa katse wa kowa magana ba. Ya ce da Uban Rijiya in aka halatta caca, shi zai gina mata gida a cikin birni, kuma daga duk abin da gidan ya ci za a ware kaso a zurfafa rijiyoyi. Uban Rijiya, wani dattijo mai suna Kosau wanda damuwa ta ci masa wuya, ya sa aka kira taron gari.

Kowa ya zo da ganyen itacensa. Ni da ba ni da ganye aka ajiye ni a gefe tare da awaki.

Kosau ya fara. Ya ce, "Jama'a, ba son abin nan nake ba. Amma mun hana, mun yi bulala, mun cike rijiya, sun tone. Dukiyar da ke sauka ramukan nan ba ta dawowa ko ta gyara guga ɗaya. Ga itatuwa na mutuwa a tsaye. In ɓera zai ci hatsin ko ta yaya, ba gara mu san ramin da yake kaiwa ba?"

Wani tsoho mai suna Korau ya ɗaga ganyensa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, yau in ɗana zai je caca, sai ya duba hagu ya duba dama, ya bi bayan ganuwa, ya sauka rami kamar kura. Da yawa kunyar saukar nan ce ke mayar da su gida. Kana so ka share masa hanya ka shimfiɗa masa tabarma. Gobe in na hana shi, ya ce da ni, Baba, kai ka fi Uban Rijiya sani ne?"

Wani daga baya ya ce, "Baba Korau, ai kai ma an ce ka san tsanin rijiyar yamma."

Korau ya ce, "Na san shi. Shi ya sa nake magana, kai kuma kake dariya."

Aka yi ta ja-in-ja har inuwa ta juya. Masu rini suka ce baƙi za su zo su sayi zane. Masu noma suka ce baƙin za su sha ruwan da babu. Wani ya tuna da ni ya ce a tambayi baƙo yadda ake yi a ƙasarsu. Na miƙe na ce, "A ƙasarmu malamai sun hana, hukuma ta hana, iyaye sun hana." Aka ce, to ba a yi ke nan? Na ce, "Tambayar da aka yi mini na amsa." Na koma wurin awaki.

Sai Tabawa ta tashi. Mace ce da ba ta magana a taro, saboda haka kowa ya juyo gare ta.

Ta ce, "Ni ban san zancen kaso ba. Na san dai ƙanena zai yi, ko kun hana ko kun bari. Na yi kuka, na yi zagi, na ɓoye masa takalma. In zai faɗi, ya faɗi a inda ake ganinsa, inda akwai dogari a ƙofa, inda ba mai taka masa hannu. Ku fito da ita daga rami. Abin da ke sarari ko maciji ne an san tsawonsa."

Al'adarsu in za a yanke magana, kowa ya ajiye ganyensa a tsibin da ya yarda da shi. Tabawa ta ajiye nata a na halattawa, sai matan da ke da irin ciwonta suka bi ta, uwa da mata da 'yar'uwa. Tsibin ya tashi ya wuce ɗayan. Korau ya ɗauki ganyensa ya karkaɗe shi ya tafi.

Na ga gine-gine a duniya, amma ban ga irin Gidan Faifai ba, gidan cacar da Madugu ya gina. Ba taga ko ɗaya a jikinsa, fitilu ke ci dare da rana, don kada mutum ya san lokacin sallah ko na tuwo. A tsakiya akwai wani faifan tagulla mai faɗin masussuka, wata makauniyar jimina ce ke juya shi, ƙwallon dabino na tsalle a kai har ya zaɓi gurbin da zai kwanta. Ana ba da ruwan sanyi kyauta, a garin da guga ke dawowa da laka. A filin tsakar gidan kuwa Madugu ya sa aka ciro wani babban dabino daga bayan duwatsu aka dasa, rassansa suka rufe har kan faifan.

Da aka tambaye shi dalili, ya ce, "Ni baƙo ne, ba na son in yi abu ba bisa al'adarku ba. Duk abin da za a yi a gidan nan a yi shi a inuwa, kowa ya gani." Mutane suka ce kai, wannan bawan Allah akwai ladabi. Ni ma na faɗa.

Kuma gaskiya abin ya fara da kyau, kada in zalunci Madugu. Ba a ƙara kawo kowa a kan ƙyaure ba. Masu haƙa suka shiga rijiyoyi, suka fasa dutsen ƙasa, ruwa ya taso mai sanyi har yara na wanka a kwatami. Dabino ya koma kore. Hannun Anaruwa ya warke, ya hau itace, har ya ci wata riga mai aiki a Gidan Faifai ya kawo wa yayarsa zane. Tabawa ta ce da ni, "Ka gani, Malam Jatau? Yanzu ko bai kwana gida ba ina barci."

Ana gab da girbin dabino, wata rana da hantsi, muka ga dogarai biyu sun nufi gonar da itacen Anaruwa yake. Suka ɗaura masa jan ƙyalle a gindi. Anaruwa na biye da su da murmushi, ko ƙwarzane babu a jikinsa.

Ya ce, "Yaya, kada ki damu. Na sa shi ne kawai, kamar yadda aka saba. Ai sun san ba a ɗauka."

Babban dogarin ya ƙi haɗa ido da kowa. Ya ce, "A inuwa ka sa shi, Anaruwa. Gaban shaidu."

Muka tafi wurin Uban Rijiya mu uku. Madugu na can zaune, ya tashi ya ba Tabawa tabarmarsa. Ta ƙi zama.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, tun yaushe itace ke fita daga hannun mai shi?"

Kosau ya ce, "'Yata, tun jiya nake juya maganar. Kakanni sun ce ba a sayarwa, ba a kyauta, ba a gado. Ba su ambaci caca ba, don a zamaninsu caca ba ta da inuwa. Mu muka ba ta."

"To ka kwance."

"In na kwance maganar inuwa ɗaya, gobe kowane aure da kowace iyakar gona a birnin nan sun kwance."

Nan na ga lokacina ya yi, ni da na kuɓuta daga kunkuru da mutanen Shafau. Na ce a ba ni izini. Na ce to, Tabawa ta ajiye ƙanenta a inuwarta a matsayin baƙo, kamar yadda ta ajiye ni. Kosau ya ce baƙo shi ne wanda cibiyarsa ke wata ƙasa, ɗan gari ba ya baƙunci a garinsu. Na ce to, dabino na fitar da 'ya'ya a gindi, a cire ɗaya a dasa masa. Madugu ya ce cikin ladabi, ɗan akuya na mai akuya ne. Na ce to a sake taro a mayar da caca rami. Kosau ya nuna mini rijiyar fada, ruwa har baki, ya ce, "Je ka gaya wa mutane su mayar da wannan." Dabarata ta ƙare, kuma ban saba ganin ƙarshenta ba.

Madugu ya ce, "Baiwar Allah, wallahi da ana kyauta da na ba shi. Doka ce ta ɗaure ni kamar yadda ta ɗaure ku. Itace ba ya sauya hannu a birnin nan sai ta hanyar wasa, a inuwar gidana." Aka ba Anaruwa zuwa ƙarshen girbi ya bar gari.

Kafin girbin ya ƙare jan ƙyalle ya yi yawa a gonaki, kamar an yi shanya. Ruwan da aka haƙo yana ta shayar da itatuwan Madugu, suna ta yin kyau. Anaruwa ya daina fita. Mutumin da bai taɓa ganin bayan jajayen duwatsu ba, bai iya komai ba sai hawan itacen da babu shi a wata ƙasa kusa, ya zauna a zaure yana kallon tafin hannunsa. Tabawa kuwa ta yi ta tuƙa igiya, ba ta sayarwa, tana tarawa.

Ranar da aka sauke zarɓar dabino ta ƙarshe ta yi wanka ta ɗaura zanen da ya kawo mata. Ta yanko ganye daga itacenta ta naɗe a cikin mayafi. Ta ce, "Auta, tashi ka raka ni Gidan Faifai. Ni na sa aka gina shi, ban taɓa ganin cikinsa ba. Malam Jatau, zo ka yi mana shaida."

Da muka shiga ta wuce faifan ko kallonsa ba ta yi ba, ta zauna a gindin dabinon tsakar gida. Ta ce da Madugu tana son ta yi wasa da ƙanenta, su biyu, irin na yara, a ɓoye ƙwallo a hannu a canka. Madugu ya dube ta, ya dubi Anaruwa, ya dubi mayafin. Ya sa aka kawo musu sabuwar tabarma, ya ce gida ba zai karɓi ko kaso ba. A lokacin na ɗauka kirki ne. Daga baya na gane lissafinsa: itace a hannun Tabawa ba zai taɓa zuwa kan faifai ba.

Anaruwa ya ce, "Yaya, me zan sa? Ba ni da komai."

"Sa igiyar hawanka. Ni na sa tabarmata."

Ta kai hannuwa baya, ta fito da su a dunƙule. Ya dube ta, ya taɓa na dama. Ƙwallo na ciki. Ya yi 'yar dariya, ta farko tun ranar jan ƙyalle. Ta sa tukunyarta, ya ci. Ta sa akuyarta, ya ci. Ta ci sau ɗaya, ya ɓata rai, ya gyara zama. Ta sa igiyoyin da ta tara, ya ci. Mutane suka bar faifai suka kewaye su. Na ga idon Anaruwa ya sauya, ya yi wani irin haske, ya daina ganin wadda ke gabansa.

Ya ce, "Ƙara."

Ta ce, "Ba ni da sauran komai, Auta."

"Ki duba dai. Yau ranata ce."

Ta warware mayafi ta ajiye ganyen a kan tabarma. Na buɗe baki, ta harare ni, na rufe. Na rantse muku na jira ya ture ganyen. Ita ma ina jin ta jira, don ta daɗe da hannuwa a baya. Da ta fito da su, bai ko numfasa ba ya cafke na dama.

Ƙwallon ya faɗo a kan tabarma. Ya yi tsalle ya miƙe yana duban jama'a, yana jiran a yi masa barka. Ba wanda ya yi. Sannan ya dubi ganyen, ya dubi yayarsa, ya zauna a hankali kamar wanda aka zare wa ƙashi.

"Yaya, a sake. Ki sa igiya, in sa itacen. A sake."

Ta ce, "Ni ba 'yar caca ba ce." Ta tashi ta karkaɗe zanenta.

Washegari da safe muka fita tare, ni da ita, don wadda ta ajiye ni ba ta da inuwa kuma. Ba ta ɗauki komai ba sai gora da ƙullin dabino, sauran duk ya ci. Anaruwa ya rako mu har ƙofar birni yana kuka kamar yaro, yana rantsuwa da kabarin uwarsu ba zai ƙara taka gidan nan ba. Ta gyara masa wuyan riga. Ta ce itacen yana son a rage masa busassun rassa ta gefen yamma, kuma kada ya bar akuya ta ci bawonsa. Korau na zaune a bakin ƙofa, ya ɗaga mata hannu, ta rusuna ta gaishe shi, ba wanda ya tayar da tsohon zance.

Da muka fara hawan dutse na ce, "Tabawa, yaya aka yi ya yi ta cankar daidai?"

Ta ce, "In ƙwallon na hannun dama ina cije leɓe. Tun yana ɗan mitsitsi nake yi masa haka, in ya yi kukan uwa, don ya ci ya yi dariya. Har yau yana jin wayonsa ne." Ta yi tafiya kaɗan. "Wani lokaci ina cewa ni na fara ɗanɗana masa daɗin ci."



A kan dutsen akwai inda ake hango birnin duka. Daga ƙofar da muka baro hanya ta rabu biyu, ɗaya ta yi gonakin dabino, ɗaya ta yi Gidan Faifai. Tabawa ta tsaya ta ba birnin baya. Ta ce, "Idona ba ya kai nesa yanzu, igiya ta cinye shi. Duba mini, Malam Jatau. Auta ya bar ƙofar?"

Na duba. Na ce ya bari.

"Wace hanya ya bi?"

Na daɗe ina kallo, har ya shige inda ido ba ya bi. Na ce, "Ta gona."

Ta ce, "Alhamdu lillahi." Ta gyara gorarta ta yi gaba, ba ta waiwaya ba.

Abin da na gaya mata ke nan a kan dutsen, kuma shi zan gaya muku. Wanda bai gamsu ba, ga hanyar gabas nan, ba a rufe ta ba. Allah shi ne masanin abin da ido ya gani da abin da baki ya faɗa.